Yadda ake shirya motar kat-kat domin hanyoyin taɓo a yankin Bawdeta

Bawdeta ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Tasawa, cikin jihar Maraɗi. Kamar yawancin ƙasar Tasawa da Mayayi, jigawa ta fi yawa a nan, kuma kusan duk shekara yashi ne ke wahal da direba. Amma daga Yuni zuwa Satumba, musamman a watan Agusta, ruwa kan kwanta a fadamu da bakin tafkuna da kwarin Gulbin Kaba. Da zarar an sauka daga kwaltar Maraɗi zuwa Damagaram, taɓon da bai wuce taku hamsin ba yana iya riƙe motar kayan kasuwa, ko mai ɗauke da mai naƙuda, yini guda. Ga gyare-gyaren da ake yi wa motoci irin su Toyota Hilux da Land Cruiser, daga wanda ya fi muhimmanci.

Taya

Taya ce farkon abin dubawa. Ta kwalta zanenta ƙanana ne, laka na cike su nan take, sai ta yi sumul tana juyawa wuri ɗaya. Tayar taɓo, wadda ake rubuta M/T a gefenta, tana da manyan haƙora masu tazara, suna watsar da laka yayin juyawa. Aibinta shi ne ƙara a kan kwalta, da saurin cinyewa, da tona rami a yashi mai laushi idan aka matsa wuta. Wanda ke bin jigawa da taɓo duka yana iya zaɓar matsakaiciya mai alamar A/T.

Rage iska ma gyara ne, kuma kyauta. Idan aka sauke ta daga wajen kilo 2.5 zuwa 1.5, taya na ƙara shimfiɗuwa a ƙasa. In ta yi ƙasa da kilo 1 tana iya zamewa daga kan ƙarfenta. Dole a mayar da iskar kafin a hau kwalta, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe.

Kat-kat da kulle pon

A tsofaffin motoci akwai makulli a cibiyar tayoyin gaba. Sai an murɗa shi da hannu kafin ƙafa huɗun su ja. A murɗa shi tun kafin a shiga taɓo, a sa ƙaramar giya ta 4L, a tafi da gudu ɗaya ba tare da taka kuloci a tsakiya ba.

Pon, wato ƙarfen da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayar dama da ta hagu, yana da wata ɗabi'a: idan taya ɗaya ta rasa abin kamawa, ita ce za ta yi ta juyawa, ɗayar na tsaye. Na'urar kulle pon tana tilasta wa biyun juyawa tare. A wuri irin taɓo ake sa ta. A kan ƙasa mai tauri tana hana kwana kuma tana iya karya ƙarfe.

Tsayin mota

Sau da yawa cikin mota ne ke zama a kan laka, tayoyi su yi reto. Ana ɗaga ta da sababbin lam da amortisar, kuma santimita 5 ya wadatar. Sai dai wannan ba ya ɗaga pon daga ƙasa. Taya mai ɗan girma ce kaɗai ke yin haka. Motar da aka ɗaga fiye da kima, aka kuma lafta mata buhuna da fasinja a sama, tana saurin kifewa.

Kare inji daga ruwa

Injin gazuwal da ya zuƙi ruwa yakan lanƙwasa ƙarfen fistan nan take, kuma gyaransa na buƙatar a sauke shi gaba ɗaya. Shi ya sa ake ɗaura bututun iska da ke hawa gefen gilashi har kusa da rufi, a toshe duk mahaɗinsa sosai. Yana kuma rage ƙurar da ke shiga matatar iska da rani. Pon da akwatin giya su ma suna da ƴar kafar numfashi. A sa mata tiyo a ɗaga shi sama, don pon mai zafi yana zuƙar ruwa idan ya huce cikin tafki. Duk da haka, karen mota ya fara shiga da sanda ya auna zurfi. Ruwa mai gudu kuwa, a jira ya janye.

Kayan fitar da mota

Shebur, faranti biyu na ƙarfe ko katako mai kauri, jak da allon da zai zauna a kai, da igiyar ja mai ƙarfi. A ɗaura igiyar a ƙugiyar da ke manne da ƙashin mota, kuma jama'a su ja da baya, domin igiyar da ta tsinke tana kisa. Na'urar ja mai aiki da batir ba ta da amfani inda babu itace ko wata mota da za a ɗaura wa.

Babura

Ga ƴan kabu-kabu, matsalar ita ce laka da ke cushewa tsakanin tayar gaba da murfinta har ta daina juyawa. Ɗaga murfin kaɗan da sa taya mai haƙora a baya suna magance yawancin wannan.

Bayan an fito

A taka birki a hankali sau da yawa har ya bushe. A wanke ƙarƙashin mota da lagireto, domin busasshiyar laka na sa inji zafi. A sake giris, a duba man pon: in ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, sai a canza shi. Lokacin duk waɗannan gyare-gyare shi ne watan Mayu, kafin ruwa ya sauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.