Tarihin Bututun Birki da Sauya Shi a Tsofaffin Motoci

Bututun birki shi ne siririn fayif ɗin ƙarfe da ke bi ta ƙarƙashin mota yana kai mai daga masta zuwa ƙafafu huɗu, kuma ko da yake kaurinsa a yawancin ƙananan motoci bai wuce milimita 4.75 ba, a kansa tsayawar mota ta rataya. Masta kuwa famfo ne da ke haɗe da abin taka birki, wanda idan direba ya taka sai ya matse man da ke cikin bututun, matsin ya isa kowace ƙafa daidai wa daida, bisa ƙa'idar da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana tun a ƙarni na 17, cewa ruwan da aka kulle a rufaffen wuri yana isar da matsi ko'ina ba tare da ragi ba.

Motocin farko ba su san wannan tsari ba, domin da sanduna da wayoyin ƙarfe ake jan birkinsu, galibi a ƙafafun baya kaɗai, kuma da wuya a daidaita jan yadda wata ƙafa ba za ta riga wata kamawa ba. A shekarar 1917 wani Ba'amurke, Malcolm Loughead, wanda daga baya aka riƙa rubuta sunansa Lockheed, ya yi rajistar birki mai aiki da matsin mai. Kamfanin Duesenberg ya sa shi a ƙafafu huɗu na motarsa a 1921, Chrysler ya biyo baya a 1924, amma Ford ya yi ta jan ƙafa har 1939. Jinkirin ba taurin kai kaɗai ba ne, domin sanda tana lanƙwashewa ko ta yi sako-sako a gaban idon mai ita, amma bututu idan ya huje, birki kan tafi gaba ɗaya ba sallama.

Saboda haka tambayar da ta dami maƙera motoci ita ce da wane ƙarfe za a yi bututun. An fara da jan ƙarfe, saboda yana lanƙwasuwa cikin sauƙi kuma ba ya tsatsa, sai dai yana da wani aibi ɓoyayye: girgizar hanya tana taurara shi sannu a hankali har ya tsage, musamman a bakin noti. Mafita ta zo daga birnin Detroit, inda Harry Bundy ya kafa kamfaninsa a 1922, kamfanin da ya shahara da wani bututu da ake yi da fallen baƙin ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, a naɗe shi sau biyu, a sa shi a wuta har rufin ya narke ya manne naɗin ya zama bango ɗaya. Wannan bututu yana jure matsi da girgiza, kuma shi ne ke ƙarƙashin mafi yawan motocin da ake kira na gargajiya a yau. Amma baƙin ƙarfe abincin tsatsa ne, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙasashen Turai da Amurka suka yawaita zuba gishiri a kan tituna don narkar da ƙanƙara, sai rufin dalma da kuza ko na tutiya da ake shafa wa bututun ya kasa kare shi na dogon lokaci. Daga nan aka koma ga wani gami na jan ƙarfe kashi 90 da nikel kashi 10, wanda ya haɗa sauƙin lanƙwasa da juriyar tsatsa, kuma Volvo ya fara sa shi a motocinsa a 1976. Da shi ne masu farfaɗo da tsofaffin motoci da yawa ke sauya ruɓaɓɓen bututu yanzu.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai tsohuwar mota ya fahimta shi ne tsarin layin kansa. Har zuwa shekarun 1960 yawancin motoci layi guda gare su, wato famfo ɗaya ne ke ciyar da ƙafafu huɗu, ta yadda huji ɗaya a ko'ina zai zubar da matsin duka, abin takawa ya nutse har ƙasa, direba ya rage da birkin hannu kawai. Cadillac ya fito da masta mai ɗaki biyu a 1962, wanda ya raba layin gida biyu domin idan ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da mota, kuma kafin ƙarshen shekarun nan dokar Amurka ta wajabta shi a sababbin motoci. Ke nan motar da aka ƙera kafin wannan sauyi ba ta da mataimaki, kuma bututun da ya shekara hamsin ko sittin a ƙarƙashinta yana ɗauke da matsin da, a birkin gaggawa, kan ninka iskar taya sau talatin ko fiye. Tsatsar ma ba daga waje kaɗai take zuwa ba, domin man birki na yau da kullum, irin su DOT 3 da DOT 4, yana tsotsar danshi daga iska, motar da ta daɗe a ajiye kuwa wannan ruwa kan kwanta ya ci bututun ta ciki alhali bayansa na ƙyalli.

Aikin sauyawar bai canza sosai ba tun wancan zamani. Makanike yakan cire tsohon bututun a hankali ya yi awo da shi, ya lanƙwasa sabon ba tare da ya karye masa wuya ba, ya zura noti, sa'annan ya naɗe bakin da na'ura ta musamman don ya zauna daram a mazauninsa. Naɗin iri biyu ne, akwai mai ninki biyu da aka saba da shi a motocin Amurka, akwai mai kumburi da ya yawaita a na Turai, kuma haɗa wani da mazaunin wani kan haifar da yoyo ko da an ɗaure noti tam. Daga ƙarshe a fitar da iska, wani yana taka birki yana riƙewa, wani yana buɗe ɗan notin ƙafa har mai ya fito ba kumfa, domin iska tana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa. Irin man ma sai an kula, tun da Citroën ya koma ga wani koren mai na daban a 1966, wanda ba ya jituwa da robobin birkin sauran motoci.

Ƙasar Hausa tana da rabonta a wannan tarihi, tun da masana'antar Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma ƙirar 504 ta zama makarantar da makanikai masu yawa suka koyi aikin birki a kanta. Ba a zuba gishiri a titunan Kano ko Maraɗi, amma motocin da aka yi amfani da su a Turai kan iso da tsatsarsa a ƙarƙashinsu, ramukan hanya da duwatsu kuma su ƙarasa abin da ya rage. Akwai dabarun da rashin kuɗi ko gaggawa ke jawowa, kamar matse bututun ƙafar da ke yoyo a bar mota da birki uku, ko yi wa huji walda, ko zuba ruwan sabulu a madadin mai, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ta cancanci a kira ta gyara. Bututun da tsatsa ta huda a wuri ɗaya ta riga ta raunana shi a wasu wuraren, don haka abin da ya dace shi ne a sauya shi daga noti zuwa noti, a kuma bincika sauran kafin motar ta sake hawa titi da rayukan mutane a cikinta.