Ahmad Lawan da zargin amshin shata

Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999, Ahmad Ibrahim Lawan, ɗan Gashuwa, bai bar Majalisar Tarayya ba. Ya wakilci Bade da Jakusko a Majalisar Wakilai har 2007, daga nan ya koma Majalisar Dattawa da kujerar Yobe ta Arewa. Mutane kan manta cewa shekara 16 na farko a ɓangaren adawa ya yi su, PDP na mulki, har ya shugabanci kwamitin bin diddigin kuɗin gwamnati. Ke nan mutumin da aka zo ana yi wa laƙabin ɗan amshin shata ya san aikin sa ido ciki da bai. Sassaucin da ya yi wa Buhari da gangan ya yi shi, kuma yana da tushe.

Tushen yana 2015. APC ta tsayar da shi shugabancin majalisa, amma ranar 9 ga Yuni, yana can tare da magoya bayansa suna jiran ganawa da shugaban ƙasa, Bukola Saraki ya hau kujerar da goyon bayan PDP. Shekara huɗu aka yi ana kai ruwa rana. Kasafin 2018 sai a watan Yuni aka sa masa hannu, gyaran dokar zaɓe kuma Buhari ya ƙi shi. Da Lawan ya kayar da Ali Ndume a zaɓen shugaban majalisa da ƙuri'a 79 da 28 a 2019, zaman lafiya da fadar shugaban ƙasa ya sa a gaba. Ta biya shi: kasafi ya koma farawa daga Janairu, dokar man fetur da ta maƙale tun 2008 ta fita a 2021, dokar zaɓe ta biyo a 2022.

Masu kare shi kan ce ai majalisarsa ta taɓa turjewa: ta ƙi amincewa da Lauretta Onochie a hukumar zaɓe, ta kuma ƙi goge sashen dokar zaɓe da ya hana masu riƙe da muƙamin siyasa shiga zaɓen fitar da gwani. Haka ne. Amma duka biyun sun shafi kujerun 'yan majalisar ne kai tsaye, don haka turjiyar ba abin mamaki ba ce. Inda ake gwada majalisa shi ne baitulmali, kuma a nan aka gaza. Dokar Babban Banki a lokacin ta ce rancen gaggawa da gwamnati za ta ci kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabace shi. Gwamnati ta ci har naira tiriliyan 22.7, majalisar Lawan kuwa, a watan Mayun 2023, ta mayar da shi bashin dogon zango, ba wanda ya amsa tambaya kan karya dokar. Tsohon mai bin diddigin kuɗin gwamnati ne ke riƙe da gudumar a ranar.

Sauran labarin gajere ne. Ya nemi takarar shugaban ƙasa a 2022 ya samu ƙuri'a 152, Bashir Machina ya riga ya ci zaɓen fitar da gwanin kujerarsa, Kotun Ƙoli ta dawo wa Lawan da takarar a Fabrairun 2023 da alƙalai uku cikin biyar.