Kwalba da Sitiyari: Yadda Doka Ta Bi Giya Ta Bar Direba a Kudancin Kano

A Kwanar Ɗangora da ke ƙaramar hukumar Kiru hanya take rabuwa biyu. Wanda ya taso daga Kano ya ratsa ƙasar Bebeji, ko dai ya miƙe zuwa Zariya da Kaduna, ko ya karya ya bi ta Tudun Wada, ya keta dajin Falgore a Doguwa, ya nufi Saminaka da Jos. Manyan motocin kaya da na haya da na magidanta masu kai iyali ganin gida duk nan suke bi dare da rana. Idan ɗayansu ta kife, kalmar da ake fara ji ita ce tsautsayi. Da wuya a ji an tambayi abin da direban ya sha kafin ya taso, balle idan shi ne mahaifin yaran da ke kujerar baya.

Ba rashin doka ya jawo wannan shiru ba. Fiye da shekara ɗari hukuma tana yaƙi da maye a ƙasar Kano, sai dai kusan kullum kwalba take bi. Yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, Turawan mulki kuma suka sa Arewa cikin wannan sahu, suka ƙarfafa hanin da dokar barasa ta 1917. Bature yana sha da lasisi, ɗan ƙasa ba a sayar masa, burkutun da ake dafawa a ƙauyuka kuwa ya ci gaba da zamansa. Kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya mai da shan giya laifi ga Musulmi. A 2000 Kano ta ƙaddamar da Shari'a, aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, kuma a Nuwamban 2013 ta farfasa kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a. A duk wannan tarihi tambayar guda ce: wa ya sha, wa ya sayar, wa ya ɗauko? Wanda ya sha ya kama sitiyari bai samu babi nasa ba.

Nasa babin ya zo ta wata ƙofa, daga Tarayya. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Dokarta ta 2007 ta sa tarar naira 5,000 ga mai tuƙi cikin maye, kuɗin da a yau bai kai na lita goma na fetur ba. Ga kuma matsalar awo. Na'urar gwajin numfashi, wadda Ingila ta shigar cikin dokarta a 1967, barasa take kamawa. Abin da ya fi juya kan direba a tashoshin Arewa kuwa ba ya warin barasa: tiramadol da wiwi da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da shi a Mayun 2018, bayan binciken BBC. Mutum zai iya wuce shingen bincike bakinsa fes, idonsa kuma ba ya ganin kwana.

Abin mamaki shi ne, litattafan da ake karantawa a zaurukan malaman Kiru da Bebeji sun riga dokar Tarayya yanke wannan magana da ƙarni goma. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta ɗora lamuni a kan mai hawan dabba da mai janta da mai korarta game da duk abin da ta tattake. Ta kuma bambanta mahaukaci da mashayi. Mahaukaci in ya yi kisa ba a yi masa ƙisasi, danginsa na wajen uba ne ke biyan diyya. Mashayi kuwa ana kama shi da laifinsa, domin shi ya gusar da hankalinsa da hannunsa. Bulala tamanin ta haddi hukuncin shan ce kawai, ba ta shafe haƙƙin wanda aka kashe ko aka karya. Final Kod ma a nan ya tsaya: wanda ya bugu da son ransa ana ɗaukarsa ya san abin da yake yi. A 1993 Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Burunai, ta tabbatar da cewa waɗannan hukunce-hukunce na jini da dukiya suna hawa kan haɗarin mota.

Batun uba ya fi kowanne nauyi a nan. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi kisan kuskure yana cin gadon dukiyar mamacin, amma ba ya samun komai daga diyyarsa. Ke nan magidancin da ya kifar da mota a Falgore ɗansa ya mutu, ko da an ɗauki abin a matsayin kuskure tsantsa, akwai diyya a kan danginsa, kuma sauran magada ne za su karɓa, ciki har da mahaifiyar yaron, shi ba shi da kaso. Akwai kuma kaffarar azumin wata biyu a jere, wadda yafiyar dangi ba ta ɗauke ta. Fiƙihu bai ɗauki ɗa a matsayin kayan ubansa ba. A aikace kuwa, ranar zaman makoki uban ne ke zaune a tabarma ana yi masa ta'aziyya, kuma babu macen da za ta iya ɗaga maganar diyya a gidan mijinta ba a ce ta yi rashin tawakkali ba. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma malaman da suka rubuta babin diyya sun fi kowa saninsa, kuma bai hana su rubutawa ba.

Wasu ƙasashen sai da aka yi rashi mai ciwo kafin su ware wannan laifi. A Amurka, wata uwa mai suna Candy Lightner ce ta kafa ƙungiyar iyaye mata masu yaƙi da tuƙi cikin maye a 1980, bayan wani bugagge ya kashe 'yarta mai shekara 13 a Kalifoniya. A 2009 jihar New York ta mai da tuƙi cikin maye da yaro ɗan shekara 15 ko ƙasa da haka a cikin mota babban laifi, ko da karon farko ne, ko da ba a yi haɗari ba. Abin da ya haifar da dokar shi ne mutuwar wata yarinya mai shekara 11 a watan Oktoban wannan shekarar, a motar da mahaifiyar ƙawarta take tuƙawa a buge.

A kan titin Kwanar Ɗangora zuwa Doguwa aikin ya rarrabu. Hisba tana neman motar da ta ɗauko giya, NDLEA tana neman ƙwaya, KAROTA da jami'an kiyaye haɗurra suna duba lodi da takardu. Yaran da ke kujerar baya suna wuce kowane shinge tare da mahaifinsu, kuma ganin iyali a mota yakan sa ma a ɗaga masa hannu ya wuce da sauri.