Riga-kafin DNA da ciwon hanta: Ƙoƙarin ƙarfafa garkuwar jiki

Riga-kafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai, wanda Nijeriya ta sanya cikin jerin alluran yara a 2004, yana hana kamuwa da cutar, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da wannan nau'in a 2022, sai miliyan 50 masu nau'in C, wanda har yanzu ba shi da riga-kafi. Wannan giɓi ne ya ja hankalin masana zuwa riga-kafin DNA.

A wannan hanya, ana tura ɗan zoben DNA mai ɗauke da umarnin haɗa furotin ɗaya na ƙwayar cutar zuwa cikin tsoka ko fata. Ƙwayoyin halittar jiki su karanta umarnin, su haɗa furotin ɗin da kansu, garkuwar jiki kuma ta koyi gane shi. Babbar fa'idarsa ita ce yana tada ƙwayoyin garkuwa da ake kira T, masu farautar ƙwayoyin hantar da cutar ta ɓuya a ciki.

An gwada shi a jikin ɓeraye tun farkon shekarun 1990, ya kuma yi aiki sosai. A jikin mutum kuwa martanin garkuwa ya zo da rauni, domin kaɗan ne daga DNA ɗin ke kaiwa tsakiyar ƙwayar halitta, inda ake karanta shi.

Don haka bincike ya karkata ga hanyar isar da shi. Wasu kan ba wurin allurar ɗan bugun lantarki na ƙiftawar ido, wanda ke buɗe ƙananan ƙofofi a fatar ƙwayar halitta. Wasu kan manna DNA a kan ƙurar zinariya su harba ta cikin fata. Ana kuma haɗa shi da sinadaran zaburar da garkuwa irin su IL-12, ko a fara da DNA a biyo da wani riga-kafin na daban. An gwada wannan dabara ta ƙarshe kan masu ɗauke da nau'in B a Gambiya. Ba ta cutar da su ba, sai dai ba ta murƙushe ƙwayar cutar ba.

A Agustan 2021 Indiya ta amince da ZyCoV-D na cutar korona, riga-kafin DNA na farko da aka halatta wa ɗan Adam. Na ciwon hanta kuwa yana matakin gwaji.