Mai Magana da Mai Saurare: Nazari a Kan Majalisun Hira na Arewacin Zamfara

Masu nazarin hulɗar jama'a sun daɗe da lura cewa duk inda mutane suka taru domin tattaunawa, 'yan ƙalilan ne ke riƙe da magana. A 2006 Jakob Nielsen ya taƙaita abin da ya gani a zaurukan intanet da wani lissafi da ya shahara: cikin mutum 100, kimanin 90 karatu kawai suke yi, 9 kan tofa albarkacin bakinsu jefi-jefi, mutum 1 ne ke samar da mafi yawan abin da ake karantawa. Da yawa daga waɗanda suka ɗauki wannan lissafi sun fassara shirun mutum 90 ɗin a matsayin naƙasu da ya kamata a magance. Wannan maƙala tana jayayya da fassarar. Majalisun hira na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun nuna cewa yawan magana ba shi ne ma'aunin kasancewa ɗan wuri ba, kuma shiru iri biyu ne, ɗaya yana raya majalisa, ɗaya yana kashe ta.

Garuruwan nan uku sun saba da baƙo da labarin da yake tafe da shi. Titin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929, ya mayar da garin matattarar gyaɗa da auduga da ma'aikata daga kudu, sannan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983 ta ƙara kawo ɗalibai daga sassan ƙasa. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta yi suna wajen dabbobi da hatsi, tana jan fatake har daga Jamhuriyar Nijar. Zurmi kuwa tana kan hanyar Jibiya, bakin iyaka. Saboda haka majalisa a nan ba iri ɗaya ba ce: akwai ta tasha, akwai ta teburin mai shayi, akwai ta ƙofar gidan attajiri bayan la'asar, akwai ta dattawa a gindin bishiya kusa da masallaci, akwai ta samari bayan isha'i.

Babu ɗaya daga cikinsu da ke da rajista ko kuɗin shiga, amma kowa ya san wa ke ciki, wa ke waje. Mutum yakan shigo ta hannun aboki ko maƙwabci ko abokin sana'a, ya yi ta zuwa har wurin zamansa a kan benci ko tabarma ya zama sananne. Ranar da ya tabbata ɗan majalisa ita ce ranar da bai zo ba aka yi cigiyarsa: "Wane lafiya kuwa? Kwana biyu ba mu gan shi ba." Idan an yi masa haihuwa, majalisa za ta haɗa gudummawa ta je suna. Idan an yi masa rasuwa, su ne za a gani a zaman makoki tun safe. Shi ma haka ake sa ran zai yi wa kowa. A wannan ma'auni, mutumin da zai yi wata guda bai ce komai ba sai gaisuwa da dariya, amma bai taɓa fashin gudummawa ba, ya fi zama ɗan gida a kan mai zaƙin bakin da kan biyo ya cika wuri da labari ya wuce. Nielsen ya ƙirga abin da na'ura ke iya ƙirgawa, wato rubutu. Cigiya da gudummawa da ta'aziyya ba sa barin irin wannan sawu.

Wannan ba yana nufin magana a majalisa ta kowa ce daidai wa daida ba. M. G. Smith ya nuna tun 1959 yadda asali da sana'a ke tsara matsayin mutum a ƙasar Hausa, kuma wannan tsari yana bin mutum har kan tabarma, tare da shekaru da dukiya da ilimi. Mai majalisa, wanda ake zama a ƙofar gidansa ko shagonsa, shi ke da ikon sauya zance ko kashe shi. Malami ne ke yanke gardamar da ta shafi addini. Direba da ɗan kasuwar da ya dawo daga tafiya su ke da labari, kamar yadda mai rediyo yake da shi a da, mai babbar waya yake da shi yanzu. Mai barkwanci da taubashi suna da lasisin faɗar abin da wani ba zai iya faɗa ba. Kunya kuma tana yin nata aikin tun kafin a zauna: ɗa ba ya zama majalisar mahaifinsa, suruki ba ya miƙe ƙafa a inda surukinsa yake. Yaron da aka aika ya kawo ruwa ya raɓe a gefe yana saurare, karatu yake yi. Jean Lave da Etienne Wenger, a littafinsu na 1991 da ya ƙunshi misalin teloli a Laberiya, sun bayyana cewa haka sabon shiga ke koyon kowace sana'a, daga gefe yana matsowa tsakiya. A majalisa abin da ake koyo shi ne lokacin magana da girmanta, da yadda ake musa wa babba ba tare da an ci fuskarsa ba. Irin wannan shiru na ladabi ne, kuma shi ke samar da masu maganar gobe.

Akwai waɗanda tsarin bai ba su tabarma ba tun farko. Lokacin da Jürgen Habermas ya ɗaukaka gidajen shan gahawa na Landan a littafinsa na 1962 a matsayin mahaifar ra'ayin jama'a, Nancy Fraser ta tuna masa a 1990 cewa an gina irin wannan fage ne a kan ware mata da talakawa, kuma waɗanda aka ware sukan kafa nasu fagen. Majalisar Bahaushe ta maza ce zalla. Mata suna da nasu zaman a gidan biki da suna da adashi da makarantar Islamiyya, kuma duk wanda ya karanta tarihin Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954 ya ga ƙarfin ƙawance da bikin da ke tsakaninsu. A ƙetaren iyaka, samarin Nijar da suka rasa aiki da wurin zama cikin manya sun kafa fada, inda suke dafa shayi su yi hira, abin da Adeline Masquelier ta yi wa littafi guda a 2019. Duk wanda ya saurari majalisar dattawa ya ce ya ji ra'ayin gari, ɓangare ɗaya ya ji.

Abin da ya sauya a arewacin Zamfara cikin shekarun ta'addancin 'yan bindiga shi ne shigowar shiru na biyu, wato na tsoro. Kalmar "infoma", wato mai tsegunta wa 'yan bindiga labari, ta zama ruwan dare. Mutum ba ya da tabbacin cewa abin da ya faɗa da dare ba zai isa daji kafin asuba ba, ko kuma a kai shi kunnen 'yan sa-kai ko jami'an tsaro a wata siffa. Sai zance ya koma kan farashin hatsi da ƙwallo, a bar abin da ke cin ran kowa. Rikicin ya kuma rage cuɗanyar manoma da makiyayan da a da sukan haɗu a rumfa ɗaya ranar kasuwa. Ga kuma mutanen ƙauyukan da aka tasa, waɗanda suka cika manyan garuruwa: suna zaune a gefen majalisun da ba nasu ba, su ne suka fi kowa sanin abin da ya faru, su ne kuma ba a cigiyarsu. Daga nesa mai shirun ladabi da mai shirun tsoro kamarsu ɗaya, amma na farko yana jiran lokacinsa ne, na biyu ya fid da rai.

Zaurukan WhatsApp na unguwa da na tsofaffin ɗalibai da na 'yan kasuwa sun buɗe wata ƙofa, musamman saƙon murya, wanda ya ba mata da waɗanda ba su yi boko ba damar sa baki. Sai dai sun tsananta shiru na biyu. A majalisa ana ganin fuskar mai shiru, a san ko ya yarda ko ransa ya ɓaci. A waya lamba ce kawai, sau da yawa ma an jefa ta ciki ba da shawarar mai ita ba, kuma muryar da mutum ya aika tana iya kwana a wayar wanda bai taɓa gani ba. Shekarar 2021 ta gwada ƙarfin majalisa da na zaurukan waya. A farkon Satumba hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanoni su katse layukan waya a duk faɗin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, kwanaki kaɗan bayan an rufe kasuwannin mako. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, sauran yankuna suka ci gaba da jira. Zaurukan waya sun mutu rana ɗaya, majalisa ta ci gaba da zama. A ganina rufe kasuwa ya fi yi mata illa a kan katse layi, domin kasuwa ce ke kawo mata baƙo da sabon labari.

Wannan batu ya wuce sha'awar masu nazari. Duk lokacin da gwamnati ko ƙungiyar agaji ta kira taron masu ruwa da tsaki a kan sulhu ko tallafi, waɗanda take gayyata su ne masu maganar da aka sani: hakimi, malami, shugaban 'yan kasuwa, shugaban matasa. Shirun sauran sai a rubuta shi a matsayin amincewa. A garin da tsoro ya ɗaure bakin mutane, wannan kuskure ne mai tsada. Malamai da ɗaliban kwalejin Ƙaura Namoda da na Jami'ar Tarayya ta Gusau su ne suka fi cancanta su ɗauki wannan bincike, domin da su ake zama a waɗannan majalisu. Idan za su yi, kada su tsaya ga ƙirga masu magana. Su tambayi wa ya daina zuwa, tun yaushe, wane zance aka daina yi, sannan su nemi matan gida da 'yan gudun hijira a inda suke zama, su ji daga bakinsu.