Tarihin Ra'in Ƙiyasin Amfani da Tarkon da Allais Ya Ɗana wa Savage

Masana sun daɗe suna tambayar yadda ya kamata mai hankali ya yanke shawara alhali bai san abin da gobe za ta haifar ba. A shekarar 1738 Daniel Bernoulli ya nuna cewa darajar kuɗi ba ɗaya take ga kowa ba, domin abin da zai faranta wa matalauci rai ba zai motsa attajiri ba. Don haka amfanin da mutum zai samu ya kamata a auna, ba yawan kuɗin ba. Frank Ramsey na Kambirij ya ƙara wani abu a 1926, wato ana iya auna ƙarfin zaton mutum daga irin cacar da ya yarda ya shiga. Leonard Savage na Amurka ne ya haɗe waɗannan biyu a littafinsa na 1954: mai hankali zai auna amfanin kowane sakamako da gwargwadon zatonsa na aukuwarsa, sannan ya zaɓi abin da ya rinjaya.

Sai dai tun kafin littafin ya fito ra'in ya ci karo da cikas. A wani taro a birnin Faris a 1952, Bafaranshe Maurice Allais ya gabatar wa Savage zaɓi kashi biyu. A misalin da Allais ya buga a 1953, na farko shi ne faranka miliyan 100 tabbas, ko kuwa cacar da ke da yiwuwar kashi 10 cikin ɗari na samun miliyan 500, kashi 89 na miliyan 100, kashi 1 na tashi a tutar babu. Na biyu kuwa kashi 11 na miliyan 100, ko kashi 10 na miliyan 500. Galibin mutane kan rungumi tabbas a na farko, su bi miliyan 500 a na biyu. Amma in aka cire kashi 89 ɗin da ɓangarorin farko suka yi tarayya a kai, sai a ga tambayar ɗaya ce.

Savage kansa ya faɗa tarkon. Abin lura shi ne bai yi watsi da ra'insa ba, zaɓinsa ya gyara, yana mai cewa kuskure ya yi kuma ƙa'idojin ne suka fargar da shi. Da wannan ya tabbatar da ra'in a matsayin ma'aunin abin da ya kamata a yi, ya bar bayanin abin da mutane ke yi a zahiri ga wasu. Allais bai taɓa yarda cewa son tabbas wauta ce ba, kuma da wuya a ce ba shi da hujja. Aikin bayanin halin mutane kuwa Daniel Kahneman da Amos Tversky suka ɗauka a 1979.