Girki da Zafin Rana: Yadda Yake da Matakan Kariya

Girki da zafin rana hanya ce ta dafa abinci ba tare da itace, gawayi ko iskar gas ba. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Suwizalan, Horace de Saussure, ya ƙera akwati mai tara zafin rana tun a shekarar 1767. A Najeriya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana cikin cibiyoyin da ke ƙera irin wannan murhu.

Murhun rana iri uku ne: mai siffar akwati da murfin gilashi, mai faifai masu ƙyalli da ke kewaye tukunya, sai mai siffar ƙwarya wanda ke tattara haske wuri guda. Na ukun ya fi zafi, kuma shi ya fi haɗari, domin haskensa na iya lalata ido, ya ƙona fata, ko ya kunna wa busasshiyar ciyawa wuta. Don haka ake sa baƙin tabarau, a nisantar da yara, a kuma juya shi ya ba rana baya bayan an gama girki.

Haɗari na biyu shi ne abinci ya kasa nuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyos, kuma ta ba da shawarar zafin abinci ya kai digiri 70. Saboda haka, idan gajimare ko hazon hunturu ya rufe rana, wajibi ne a ƙarasa nama da kifi a kan wuta.